Fiton da Baba Kunne Ya Ji

Duk wanda ya san Baba Kunne ya san ba a banza aka laƙaba masa sunan ba. Mutum ne da tukunyar tururi ta fashe a masaƙa yana tsaye gab da ita, ya fito da ƙafafunsa. Babbar mota ta taɓa wuntsilawa da shi cikin rami, ya taso yana karkaɗe riga yana tambayar ina hularsa. Bai taɓa zama a aji ba, ko sunansa aka rubuta a bango wucewa zai yi, amma a kunna masa kiɗa sau ɗaya tak, zai gaya maka inda mai ganga ya haɗiye yawu. Shi da bakinsa yake ba da labarin, kuma duk bayarwa sai ramin nan ya ƙara zurfi.

Ranar Asabar da yamma shi da abokansa suke taruwa a shagon Injiniya, mai gyaran rediyo da talabijin. Shago ne ƙarami, ƙaurin dalma ya kama ko'ina, matattun talabijin jibge har rufi, ga wasu manyan lasifikoki biyu da Injiniya ya haɗa da hannunsa. Ba kiɗan rawa suke saurare ba. Nasu irin kiɗan nan ne da in maƙwabta suka ji sai su leƙo su tambaya me ya lalace. Ƙa'idarsu kuwa ɗaya ce: wanda ya kawo faifai, a kunna shi daga farko har ƙarshe, a kashe fanka, ba mai magana, ba mai taɓa waya. In ya ƙare, babba ne zai fara faɗin abin da ya ji. Babban kuwa Baba Kunne ne.

To, abin da ba wanda ya sani shi ne, tun kwanakin baya wani siririn fito ya tare a kunnensa na hagu. Ba kullum ba. Sai ya zo ya zauna, ya tafi don kansa, ya dawo ba sallama. Ya ɗiga mai, ya sosa da gashin kaza, ya kwanta ta wannan gefen, duk a banza. Bai gaya wa kowa ba. Ya za a yi a ce mutumin da ake kira Kunne kunnensa ya taɓu?

Ran nan ya zo da wuri ya kama kujerarsa ta tsakiya. Direban bas na nan, da Malam mai koyar da lissafi, ana ta musun abin da kowa ya saurara a satin.

"Ni fa wata mata na samu," in ji Direba. "Birkin jirgin ƙasa kawai take ɗauka, ta jera shi ya zama waƙa. Na kunna a mota, fasinja suka ce in tsaya a duba taya."

"Ai gara kai," in ji Malam. "Nawa wani ne yake kaɗa jita da cokali. Uwargida ta ce in na sake kunna shi a gidan, ni da cokalin za mu kwana a waje."

"Ba ku iya ji ba ne," in ji Baba Kunne, don in bai faɗa ba za a ce lafiya? "Ku da kunne kuke ji, ni da ƙashi nake ji."

Aka yi dariya. Shi ma ya yi.

Mai kawo faifai ranar kuwa Auta ce, ƙaramar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya. Ita kaɗai a 'ya'yansa ta gaji wannan cuta ta sauraro. Daga asibiti ta biyo, ko farin takalminta ba ta sauya ba.

"Wannan wasu mutum biyu ne suka yi shi a cikin wani gidan da ba kowa," in ji ta tana miƙa wa Injiniya wayarta da faifan ke ciki. "Ba ganga, ba murya. Gidan ne kawai."

"Wato mu biya kuɗin mota mu zo mu saurari kango," in ji Direba.

"Yi mana shiru, mai birki," in ji Malam.

Injiniya ya kashe fanka ya jawo ƙofa. Faifai ya fara.

Ƙofa ta yi ƙara a hankali. Ruwa yana ɗiga cikin bokiti. Wani abu kamar an ja kujera a kan siminti, sai wani gurnani can ƙasa da ya sa madubin talabijin ɗin da ke sama karkarwa. Baba Kunne ya lumshe ido, ransa ya fara kwanciya. Wannan duk yana ji sarai.

Ana tsakiyar tafiya sai ga fito. Siriri, dogo, can sama, ya ratsa ta kan ɗigar ruwan nan kamar zare.

Na faifan ne, ko nasa ne?

Da kiɗan mutane ne na yau da kullum, ai da tuni ya sani, don ba mai saka irin wannan ƙara a waƙar arziki. Amma waɗannan mutanen da suke ɗaukar kukan ƙofa su sayar, me zai hana su saka fito? Ya karkata kai dama, fiton na nan. Ya karkata hagu, yana nan. Ya yi kamar zai sosa ƙeya, ya danne kunnen da ɗan yatsa, sai ya ga Malam na kallonsa, ya sauke hannu da sauri kafin ya tantance. Ya saci kallon fuskokinsu. Direba baki buɗe. Injiniya yana kallon rufi. Auta ido a rufe. Ba fuskar da ta gaya masa komai.

In ya ambaci fiton alhali babu shi, sun gano. In ya yi shiru alhali yana ciki, nan ma sun gano. Mutumin da tukunyar tururi ba ta sa ya gudu ba, yau ga shi yana auna tazarar da ke tsakaninsa da ƙofa. Dabara ɗaya ta rage masa: in faifan ya ƙare ya saurara, in fiton bai tsaya ba to nasa ne.

Faifan ya ƙare. Kafin ya ja numfashi Injiniya ya danna fanka, tsohuwar fanka mai ɓarin ƙarfe, Direba ya ja benci yana miƙa. Hayaniya ta rufe komai.

"To, Baba," in ji Injiniya. "Muna jinka."

Ya gyara murya. "Ruwan nan, bokitin ƙarfe ne, ba na roba ba. Kuma bokitin ya lanƙwashe. Ya tuna mini lokacin da motar nan ta faɗa da mu..."

"Baba, mun san ramin," in ji Malam. "Faifan muke tambaya."

Duk suka zuba masa ido. Sai wata zuciya ta ce masa, kai da ka fito daga wuta, faɗi kawai.

"Abin da ya riƙe faifan nan gaba ɗaya," ya ce, "fiton nan ne. Siririn nan da ya shigo daga tsakiya, can sama. Ba don shi ba, da kango ne kawai."

Shagon ya yi tsit, sai fanka. Direba ya dubi Malam. Malam ya dubi lasifika. Shi ke nan, Baba Kunne ya ce a ransa, yau an binne sunan.

Malam ya cire tabarau ya goge. "Ni ma shi nake son in ambata," ya ce a hankali. "Ka riga ni ne."

"Au, fiton?" in ji Direba. "Ai tun farko-farko na ji shi. Ni na ɗauka kowa ya ji."

"Lasifikokin nan ba sa ɓoye komai," in ji Injiniya yana shafa ɗaya. "A wani wuri da ba za ku ji shi ba."

Nan musu ya kaure. Malam ya ce iska ce ta bi ta ramin makulli. Direba ya rantse bututun ruwa ne. Aka ce a maimaita wajen. Aka kashe fanka, aka mayar da faifan tsakiya. Baba Kunne ya kasa kunne iya ƙarfinsa: ruwa, kujera, gurnani. Fito kuwa babu ko alama. Sai Direba ya ɗaga yatsa sama ya raɗa, "Ga shi nan!" Sauran suka gyaɗa kai.

Auta kaɗai ba ta gyaɗa ba. Ba lasifika take kallo ba, ubanta take kallo.

Da aka watse shi da Auta suka kamo hanya tare. Rana ta yi sanyi, masu shaguna suna shigar da kaya. Baba Kunne yana ta zuba.

"Kin gani ko? Sai da na nuna musu. Da karatunsu da komai, sai tsohon nan ya..."

"Baba, wane kunnen ne?"

Ya tsaya cak. "Wane kunne kuma?"

"Faifan nan da shi nake tafiya aiki, da shi nake dawowa. Na san duk ɗigon da ke ciki. Babu fito, Baba."

"To su da suka ji fa?"

"Waɗannan? Da ka ce ka ji kukan jaki a ciki, da Malam ya gaya maka launinsa."

Ya so ya yi faɗa, faɗan ya ƙi zuwa. Wani mai babur ya wuce da gudu, ya bi shi da kallo har ya sha kwana.

"Na hagu," ya ce.

"Tun yaushe?"

"An ɗan kwana biyu."

"Jibi da safe za ka biyo ni wajen likitan kunne. Ba roƙonka nake ba."

"Ni da tukunyar tururi..."

"Labarinta ma za ka fara ba shi. Ta wane gefe ta fashe?"

Ta gefen hagu ta fashe, kuma Auta ta sani.

Suka ci gaba da tafiya. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Auta, in ya duba ya ce tafiya kunnen yake yi fa?"

"Sai mu ji daga bakinsa. Wani ana samun sauƙi, wani a koyi zama da shi. Ban sani ba tukuna, Baba."

"Mutanen can kuma..."

"Ba daga bakina ba."

Ta zagayo ta koma damansa. Suna isa bakin layinsu fiton ya dawo, siriri, can sama, ya ɗora kan ƙarar motoci. Baba Kunne ya rage sauri, ya kama hannun rigarta.

"Kina jin wani abu yanzu?"

Ta tsaya ta saurara da gaske, har da rufe ido.

"A'a, Baba."

"To," ya ce. "Jibin ƙarfe nawa?"