Abin da Aka Binne a Gindin Gwanda

Ranar Juma'a aka cire wa Yalwa mahaifa a wani asibiti a Bagama. Ciwon daji ne ya kama fatar cikin mahaifar. Bayan tiyata, Dakta Fisayo ta miƙa wa Ghali, babban ɗan Yalwa, farin bokitin roba an liƙe murfinsa.

"Mahaifar ce a cikin ruwan magani," in ji ta, da Hausarta mai karin Yarabanci. "Ka kawo min ɗakin gwaji a Abuja ranar Litinin. Kada ka buɗe."

"Me za a gani a ciki, likita?"

"Zurfin da ciwon ya yi. Da shi za mu san maganin da za a ci gaba da ba Mama. Akwai kuma wasu 'yan abubuwa a jikin ƙwayoyin nama, aikinsu su ji yawan sinadarin kalsiyam. Muna zargin in sun yi ƙaranci ciwon ya fi saurin yaɗuwa. Bincike muke, ba mu tabbatar ba. Zan duba na Mama."

Ghali bai gane rabi ba. Abu ɗaya ya riƙe: labarin ran uwarsa yana cikin bokitin nan.

Ya kai shi ɗakinsu na haya a unguwar Magajiya, ya tura ƙarƙashin gado, ya koma jinya.

Da safiyar Litinin ya dawo ɗauka. A bakin famfo ya tarar da bokitin, an wanke shi fes an kife.

Goggo Zuwaira, ƙanwar marigayi babansa da ta zo daga Kano taya jinya, tana dama koko.

"Goggo, ina abin ciki?"

"Na yi masa sutura tun Asabar."

"Sutura?"

"To da fa? Naman mutum ne, ɗan nan, ba tsintsiya ba da za a cusa ƙasan gado. Mabiyiyarka ma ni na binne ta ranar da aka haife ka. Balle gidan da ka kwana wata tara."

"Ina?"

"Sassauta murya, maƙwabta..."

"Goggo, don girman Allah, ina?"

Ta nuna masa gindin gwanda da ludayi.

Ghali ya ari fartanya a ɗakin maƙwabcinsu Filibus birkila. Ya sara sau uku, ya jefar, kada ya yanka abin. Ya ci gaba da yatsu. Matan gidan suka fito suka tsaya. Goggo na ta salati, tana cewa ba a taɓa tone abin da aka binne ba a danginsu. Bai ɗago ba. Farcensa ya fashe kafin ya taɓa farin ƙyalle. Warin ya riga ƙyallen fitowa.

Ya mayar cikin bokiti, ya ɗaure da leda biyu. A motar Abuja matar da ke kusa da shi ta toshe hanci tun daga Madalla.

"Oga, me ka ɗauko haka?" in ji direba.

"Saƙo."

Dakta Fisayo ta sa safar hannu ta shiga ciki da bokitin. Ba ta daɗe ba.

"Ta waje naman ya ƙanƙame, ruwan maganin ya kama shi," in ji ta. "Amma ciwon a ciki yake, kuma cikin ya narke. Babu abin karantawa."

"Ko 'yan abubuwan nan na kalsiyam?"

Ta girgiza kai.

"A duba dai, likita. Ko kaɗan ne. A sa a na'ura."

"Ghali. Za mu yi hoto, za mu ba ta magani mai ƙarfi. Amma da lalube za mu yi."

Da la'asar ya isa Bagama. Yalwa na kwance, leɓenta a bushe, robar ƙarin ruwa a hannu. Ta kalli ƙasar da ke farcensa.

"Zuwaira ta kira ni," in ji ta a hankali. "Kada ka ga laifinta. Ni na roƙe ta. Ban so baƙi su yayyanka ni a kan tebur."

Ghali ya zauna a ƙasa, ya jingina da ƙafar gadon.

"Me likitar ta ce?"

"Ta ce za a ci gaba da magani, Umma."

"Alhamdu lillahi. Ka dawo min da shi?"

Bokitin na waje, bayan ƙofa.

"Na dawo da shi."

"To ka mayar inda yake. Ka zurfafa ramin, saboda karnuka."