Azumin Ɓerayen Malam Isyaku

Ana tayar da sallar Azahar, Hansai ta bar kaskon ƙosanta a bakin ƙofar makaranta, ta zaga bayan ɗakin kimiyya da ƙunshi a ƙarƙashin mayafi. Malamai da ɗalibai duk sun tafi masallaci. Ta murtsuke ƙosan, ta riƙa tura shi ta ragar taga. Fararen ɓerayen da ke cikin keji suka yi caa a kai.

"Ku ci, 'yan albarka," in ji ta. "Ku ci ku tona masa asiri."

Ɓerayen na Malam Isyaku ne, malamin kimiyya. Tun da aka biya ƙarin albashin Udoji ya sayi Vespa, mutumin nan ya daina amsa gaisuwa. Wannan bai dami Hansai ba. Abin da ya tsaya mata a rai kyanwarta ce, wadda ya sa wa guba don kawai ta leƙa tagar nan. A cinyarta ta mutu, tana kumfa. Da ta kai ƙara, shugaban makaranta dariya ya yi, wai ai kyanwa ce kawai.

Duk Wudil an san aikin Malam Isyaku, don bakinsa ba ya shiru. Wai idan aka hana ɓera abinci yini guda, tsoro yakan sake shi, ya fito tsakiyar fili, shi kuwa ƙosasshe sai ya yi ta raɓewa jikin bango. Yau wani farfesa zai zo daga Zariya ya gani da idonsa. In abin ya tabbata, Isyaku ya sami karatu a Ingila. Tun farkon mako Hansai take zuwa tagar nan, ita da ba ta taɓa ganin ɓera ba ta ɗauki muciya ba.

Da La'asar farar Fijo ta shigo. Hansai ta ci gaba da suya, kunnenta na ciki. Ba a jima ba motar ta fito, farfesan yana ta girgiza kai. Ɗalibai suka biyo baya suna ƙyaƙyata dariya.

"Iya, yau Malam ya sha kunya! Masu azumin nan ko motsi, sai barci a kusurwa. Har da mai hamma!"

Wani sanyi ya ratsa zuciyarta. Wallahi ta ji daɗi, ba ta kuma nemi gafarar jin daɗin ba.

Can sai ga Malam Isyaku a ƙasa, rungume da kejin, idanunsa jajur. Ya miƙi hanyar kogi.

"Malam, ina zuwa da su?"

"Ruwa zan zuba su. Ba su da sauran amfani."

Ta dubi kejin. Ɓerayen sun jiyo ƙamshi, sun taru a gefen da take, suna miƙo hanci ta tsakanin waya. Ya dube su, ya dubi kaskon, ya dubi hannunta da ke ƙyallin mai.

"Ke ce," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ni ce. Je ka gaya wa shugaban makaranta, ya yi dariya." Ta goge hannu a zani, ta miƙa. "Ba ni su nan. A gidana ba a kashe abin da ke cin abinci a hannuna."