Hular Malam Iliyasu

Goggo Daso ta zo birnin Greensboro, can ƙasar waje, a 1984 don wankan jegon matar ɗanta Hudu. Ta tarar kwatar layinsu ta toshe, ruwa na shiga har ɗakin mai jego. Aka ce gyaran yana hannun wani kansila. Ita kuwa a Zariya ba a zuwa gaban babba hannu rabbana. Ta ɗauko hular marigayi mijinta, Malam Iliyasu, ta tisa Hudu gaba suka kai gaisuwa. Kansila ya kafa hula ya washe baki, kwata kuwa ko kallonta ba a yi ba.

Bayan wata huɗu jami'an gwamnatin tarayya suka kama shi da cin hanci, suka kwashe kyaututtukan ofishinsa, suka kira masu bayarwa.

"Gaya musu hulata na zo karɓa," in ji Goggo ga Hudu da suka isa wurin jami'an. "Malam bai taɓa cin ƙwandalar wani ba, ɓarawo ba zai gaje shi ba!"

Jami'in ya zaro hular cikin leda daga tsakanin agogunan 'yan kwangila, ya yi tambaya da Turanci. Hudu ya sunkuyar da kai.

"Me ya ce? Kada ka rage mini komai."

"Wai me kika nema da kika ba shi."

Goggo ta buɗe baki za ta ce gaisuwa ce kawai, sai ta tuna kwata. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Tashi mu tafi. Ni na kai Malam cikin ɓarayi."