Allurar Tsuntsuwa

Auta ta sake maimaita lissafin, ya sake ba ta abin da ya ba ta da farko. Ta tura kujerarta baya ta zuba wa kwamfutar ido. Shayin da ta haɗa tun shigowarta ofis ya huce a gefen tebur ba ta ko kurɓa ba.

Malamar ƙididdiga ce a jami'a, kuma ita ce ƙarama a gidansu, shi ya sa har abokan aiki suka ɗauki sunan Auta daga bakin 'yan uwanta. A asibitin koyarwa da ke tsallaken titi ana gwajin wata sabuwar allura, wadda ake fatan za ta rage wa yara masu sikila yawan tashin ciwo. An raba yaran gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi ana yi musu sabuwar allurar duk wata, rabi kuma ruwan gishiri mai kama da ita sak, kowa na ci gaba da shan magungunansa na kullum. Iyaye ba su san wanne ake yi wa ɗansu ba, likitoci ma ba su sani ba. Mai harhaɗa maganin asibitin ne kaɗai ya sani. Aikin Auta shi ne ta duba sakamakon gwajin jinin yaran, waɗanda ke zuwa mata da lambobi ba suna, ta kai wa kwamitin da ke sa ido kan lafiyarsu.

Abin da ta gani da safen nan shi ya hana ta shan shayi. A rukuni na ɗaya yara uku ne ƙodarsu ta nuna rauni. A rukuni na biyu, sha huɗu. Kuma kusan dukkansu bayan allura ta huɗu ne abin ya bayyana.

Wayarta ta yi ƙara. Yayanta ne, mai gyaran firij, muryarsa cike da fara'a, ana jin ƙarar guduma a bayansa.

"Auta, kin ji Farfesanku a rediyo? Wai an kusa samun sauƙin sikila. Na ce wa yaran shago, wannan aikin har da hannun ƙanwata a ciki."

"Hannuna kaɗan ne, Yaya. Ya jikin Tsuntsuwa?"

Tsuntsuwa ita ce 'yarsa tilo, mai shekara tara. Sun laƙaba mata sunan ne saboda cin abincinta, tsattsaga biyu ta ce ta ƙoshi.

"Ai ita na kira in yi miki albishir a kanta. Yau za mu shigo asibitinku, allurarta ta huɗu."

Auta ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba. "Wace allura?"

"Ta gwajin mana. Tun tuni na sa ta. Ɓoye miki na yi, kada a ce da hanci aka shigar da ita. Kuma wallahi tun da aka fara ba mu kwana asibiti ba ko sau ɗaya."

Kalma uku kawai ake buƙata: kada ku zo. Amma ta yi alkawari a rubuce cewa ba wanda zai ji abin da ke cikin lissafin nan sai kwamiti. Ta kuma san Yaya. Kafin rana ta take maganar ta zagaye duk iyayen yaran, kowa ya janye ɗansa. Idan kuma rukuni na biyu su ne masu ruwan gishiri fa? Sikila da kanta tana cin ƙoda. Zai yiwu allurar ce ke kare 'yan rukuni na ɗaya, ita kuma ta kashe magani mai kyau da bakinta.

"Auta? Kin yi shiru."

"Yaushe za ku shiga?"

"Da an buɗe ɗakin allura bayan cin abincin rana. Lafiya dai?"

"Ba abin da zan iya faɗa maka, Yaya."

Ƙarar gudumar ta tsaya. "Ba abin da za ki iya faɗa, ko babu abin faɗa?"

"Ka san aikina ba ya barina in yi magana."

"Ni ba aikinki nake tambaya ba. Goggon yarinyar nake tambaya. In kai ta ko kada in kai ta?"

Ta dafa teburin. "Wannan tsakaninka ne da likitocinta."

"To, tunda ba ki ce kada in kai ta ba, zan kai ta," in ji shi, ya kashe wayar.

Sai mako mai zuwa ya kamata kwamitin ya zauna. Auta ta zare kwamfutarta ta tsallaka titi, ta tarar da shugabar kwamitin tana zagayen marasa lafiya. Tsohuwar likitar ƙoda ce, mai furfura da takalmin roba, wadda ba ta son a katse mata aiki. Auta ta bi ta daga gado zuwa gado har ta juyo.

"Ke kuma fa? Ko kin koma ɗalibata ne?"

"Ranki ya daɗe, zaman mako mai zuwa ba zai jira ba."

Tsohuwar ta dube ta ta saman tabarau, ta miƙa wa wani likita fayil ɗin da ke hannunta. Duk da haka sai da aka sha wuya kafin a haɗa mutane. Likitan yara, wanda shi ne mutum na biyu a kwamitin, yana ɗakin haihuwa. Farfesa mai jagorantar binciken yana tare da 'yan jarida ana ɗaukarsa hoto a ɗakin gwaje-gwaje. Lokacin da suka hallara a ƙaramin ɗakin taro na hawa na biyu, masu tura kekunan abinci sun riga sun fara bin ɗakuna.

Ka'ida ita ce Farfesa ya ji dalilin zaman a dunƙule, ya faɗi nasa, sannan ya fita. Auta ta ce akwai bambanci mai yawa a lafiyar ƙoda tsakanin rukunan biyu, tana roƙon a dakatar da allurar yau.

Farfesa bai ɗaga murya ba. Mutum ne da ya binne ƙannensa biyu saboda wannan ciwo, kowa a asibitin ya sani.

"Malama, abu nawa kike aunawa a jinin yaran nan? Hanta, ƙoda, gishiri, ƙwayoyin jini, sun fi ashirin. Duk wanda ya leƙa ƙofa ashirin zai tarar da ɗaya a buɗe, ko ba kowa a gidan. Ke kike koya wa ɗalibai haka."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Na yi la'akari da wannan, bambancin bai ɓace ba."

"To ki ɗauka gaskiya ne. Wa ya ce ba masu ruwan gishirin ba ne ciwon ke cin ƙodarsu? Idan kuka tsayar da mu yau, gobe jarida ta ce allurar jami'a tana kashe yara. Wace uwa ce za ta sake kawo ɗanta? Shekarun da muka yi sun tafi, yaran kuma su koma kwana suna ihu."

Shugabar ta nuna masa ƙofa da ladabi, ya tattara rigarsa ya fita.

"Kafin in nuna muku komai," in ji Auta, "akwai abin da ya wajaba ku sani. 'Yar yayana tana cikin gwajin. Da safen nan na ji. Yau ne allurarta ta huɗu."

Likitan yara ya ajiye alƙalaminsa. "To ai magana ta canja. Ba ina zarginki ba ne, Malama, amma wanda jininsa ke cikin layi ba ya ganin lamba yadda take. A ba wani ya sake lissafin."

"A ba shi, na yarda. Amma ba zai gama yau ba, ɗakin allura kuwa yanzu za a buɗe shi."

Ta juya musu kwamfutar. Ba ta tsaya kan uku da sha huɗu ba. Ta nuna musu wani zane inda ta jera kowane yaro bisa ranar da aka yi masa allura ta huɗu. 'Yan rukuni na ɗaya ukun nan a warwatse suke, wannan a farko, wancan a ƙarshe. Na rukuni na biyu kuwa sun taru cunkus a wuri guda, cikin makon da ya biyo bayan allurar.

"Idan sikila ce ke cin ƙodar, ba ruwanta da ranar allura," in ji ta. "Ciwo bai san ranar da aka rubuta wa yaro ya dawo asibiti ba."

Tsohuwar ta matso da fuskarta dab da zanen, ta daɗe tana kallo. Daga tagar ɗakin Auta tana hango barandar ƙasa, inda iyaye suka cika benci da 'ya'yansu. Ta ga wata ma'aikaciyar jinya ta zo da makulli ta buɗe ƙofar ɗakin allura.

"Ranki ya daɗe, sun buɗe."

"Na gani. Ba zan tsayar da aikin mutane da ka ba." Ta juya ga likitan yara. "Ka yarda a kira mai harhaɗa magani ya faɗa mana wane rukuni ne wanne?"

"Idan muka buɗe wannan, ba ya rufuwa."

"Na sani. Ka yarda?"

Ya sake duban zanen, ya gyaɗa kai.

Wayar mai harhaɗa maganin ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Aka aika masinja, ya dawo ya ce yana ɗakin sanyi yana karɓar kaya. Auta tana tsaye a taga. Ta ga an kira yaro na farko ya shiga, ya fito yana riƙe da auduga a dantse. Aka kira wata yarinya. A can ƙarshen benci ta hango hular Yaya.

Mai harhaɗa maganin ya shigo yana haki, da rigar sanyi a jikinsa. Shugabar ta ce Auta ta fita waje tukuna. Tana tsaye a bakin ƙofa, ba ta ji abin da aka faɗa ba, sai muryar tsohuwar a waya, da ƙarfi yadda ko kurma zai ji: "A ajiye sirinji. Na ce a ajiye, ko an riga an zuƙa."

Auta ba ta san yadda ta sauka matakalar ba.

Ta tarar barandar ta rikice, iyaye sun yi wa ma'aikaciyar jinya ca da tambaya. Tsuntsuwa na zaune tana kaɗa ƙafa, hannun rigarta a sauke. Da ta ga goggonta ta taso da gudu ta rungume ta.

"Ba a yi mata ba?"

"Ba a yi ba," in ji Yaya. Ya ja ta gefe ya rage murya. "Mu ne na biyu a layi. Amma muryarki ta tsaya mini a rai. Duk lokacin da aka kira mu sai in ce na bayana ya wuce."

Auta ta juya ta dubi bencin. "Su wa suka wuce?"

Ya nuna da haɓa. Yara uku ne. Na ƙarshensu wani siririn yaro ne da uwarsa ke ɗaura wa takalmi, tana sanye da rigar aikin wani kanti. Da matar ta haɗa ido da Yaya sai ta yi murmushi.

"Allah ya saka da alheri, Baban yarinya. Da ba ka ba mu wuri ba, da na makara aiki."

Yaya ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

A ranar aka ɗebi jinin kowane yaro, aka kuma gaya wa iyaye gaskiyar abin da ake ciki. Rukuni na biyu su ne masu sabuwar allurar. Da aka buɗe wa kowa nasa, sai ga shi Tsuntsuwa ruwan gishiri ake yi mata tun farko. Sauƙin da ta samu sa'a ce kawai aka yi. Cikin yara ukun da suka wuce gabanta, biyu ma ruwan gishiri ne. Ɗan mai aikin kantin ne aka yi wa ta gaske.

Aka kwantar da shi ana lura da ƙodarsa. Ta yi rauni kamar yadda zanen ya nuna, fitsarinsa ya ragu, fuskarsa ta kumbura. Auta ta je ta sami shugabar ta faɗa mata yadda wayarta da Yaya ta kasance, kalma da kalma.

"Ba ki faɗa masa komai ba," in ji tsohuwar.

"Shirun da na yi ya faɗa masa."

"To da me za ki yi, ki yi masa dariya? Da na yi saurin yanke hukunci, da ba a yi wa ko ɗaya ba. Kowa ya ɗauki nasa." Ta amince Auta ta sauka daga aikin, aka ba wani malamin ƙididdiga. Ya sake lissafin daga tushe, ya samu abin da ta samu.

Farfesa da kansa ya koma rediyo ya sanar da dakatar da gwajin. Ya ce allurar tana rage ciwon, amma a wannan ma'aunin tana taɓa ƙoda, za su koma ɗakin gwaji su nemi inda matsalar take. Ya daina gaisa da Auta na wani lokaci, daga baya ya aiko mata da ɗalibarsa ta duba mata lissafi.

Yaya kuwa kullum sai ya rufe shago da wuri ya tafi asibiti wurin yaron, har uwar ta fara ce masa Kawu. Ya so ya faɗa mata dalilin da ya sa ya ba su wuri, ya kasa, sai ranar da likita ya ce ƙodar ta farfaɗo za a sallame su. Auta tana wurin. Matar ta saurare shi har ya gama, ta ci gaba da ninke kayan ɗanta.

"Da ni ce na ji abin da ka ji," in ji ta daga ƙarshe, "ban san me zan yi ba. Amma da ka ce mini in dakata."

"Da na ce," in ji Yaya.

Ta rataya jakarta, ta kama hannun ɗanta. Yaron ya ɗaga musu hannu, ita ba ta waiwayo ba.