Jirgin da Tamu Ya Zaɓa

Mijina Tamu, in ya ƙwallafa rai a kan abu, gara ka yi magana da bango. Da damina ta cika tafkin da ke tsakaninmu da hanyar kasuwar Mallawa, amalanke ta daina wucewa, sai ya ce shi jirgi zai saya ya riƙa ƙetarar da mutane. Mutumin da ko a kwano bai taɓa iyo ba!

Wani dattijo, Baffa Sharifu, yana da tsofaffin jirage uku da ya kwaso daga tafkin Cadi. Na bi Tamu don in ga ƙwaƙwaf. Ya ƙwanƙwasa katako, ya soka wuƙa a gindi, aka yi ta zuba ruwan rijiya a ciki don a ga inda zai yoyo. Biyu suka zubar kamar rariya. Na ukun, baƙi, ya fi su tsufa, ko ɗigo bai saki ba. Amma wallahi ruwan cikinsa kaɗawa yake yi, rana tsaka, babu iska.

Baffa ya ce, "Ɗana, ba zan ɓoye maka ba. Duk wanda ya mallake shi, wata rana sai jirgin ya dawo gaɓa shi kaɗai. Ba a ga ko hular mutum ba."

Tamu ya yi dariya. "Ka ga jirgin ƙwarai kenan, Baffa. Bai taɓa nutsewa ba."

Na yi kuka, na yi yaji, na kai ƙara wajen yayansa. A banza, sai da ya sayi jirgin. To, tun daga nan duk ƙetarawa ina ciki, riƙe da gefen rigarsa. Mata suna ta tsokanata, wai Saliha kishi take da kifi. Su dai faɗa.

Kasuwar da ta wuce, muna tsakiyar ruwa, ya ajiye gorar da yake tuƙa jirgin da ita. Ya leƙa ƙasa yana murmushi, ya ce, "Na'am, Inna." Innarsa ta daɗe da rasuwa. Ya ɗaga ƙafa zai tsallaka gefen jirgin. Na finciko shi da duk ƙarfina, muka zube kan buhunan wake. Ya tashi yana tambayata lafiya.

Tsoro nake ji, tsoro sosai. Cikina ya tsufa, jiya ungozoma ta ce kada in ƙara tashi daga tabarma. Yau kuma ranar kasuwa ce. Ga shi can a tsakar gida yana waƙa, ya saɓa gora a kafaɗa, yana cewa me zai sayo mini.