Danjar da Mai Agogo Ya Ƙi Cirewa

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mini da "ta zo", amma ku sani wannan a bayan katangata aka yi ta.

"Malam, Auta fa tana waje da mota!" in ji matar maƙwabcina.

"Ta jira. Kowa ma jira yake."

Da na ji haka na saɓa mayafi na shiga. Maƙwabcina Mai Agogo, wanda gyaran agogo ya cinye wa ido, yana zaune gaban kwamfuta, ƙafafunsa sun kumbura har silifas ba ya shiga. Matarsa na tsaye a kansa da rigar fita a hannu. Auta, 'yarsu, ita ta sa masa wasan jirgin ƙasa a kwamfutar don ya rage zaman kaɗaici. Ashe ta jawo wa kanta.

"Yaya, ki yi masa magana," matar ta ce da ni. "Likita ya ce a kawo shi asibiti, shi kuma ya ce sai jirgin gawayi ya isa tasha."

"Zo ki gani, maƙwabciya," in ji shi. Ya nuna mini wata mahaɗa inda layukan dogo suka sarƙe. Jirage huɗu sun yi cirko-cirko, kowanne da jar danja a gabansa. "Wannan yana jiran wancan, wancan wutsiyarsa ta tare wannan. In na saki ɗaya, karo za su yi."

"To su yi mana! Akwai ɗan wani a ciki ne?"

Ya dube ni kamar na zagi iyayensa.

Haka muka yi ta fama. Yau ya rushe gada, gobe ya ƙara layi, jibi ya dasa sabuwar danja a kan tsofaffin. Numfashinsa kuwa sai ƙara gajarta yake. Auta ta yi lallashi, ta yi kuka, ta yi fushi ta tafi. Ni har cewa na yi zan zare wayar wutar. Ya ce in na taɓa, gaisuwa ta ƙare tsakaninmu.

Wata safiya ya dafa bango ya shiga banɗaki. Matar ta ajiye kofin maganinsa, ta zauna a kujerarsa. Kullum tana tsaye a bayansa tana kallo, ai ba a banza ba. Ta kama linzamin kwamfutar, ta goge wata danja da ke daf da bakin mahaɗar.

Sai jirgin da ke gaba ya matsa. Na bayansa ya samu koriyar danja. Kafin ka ce me, jirgin gawayi ya ja taragunsa ya wuce, yana busa.

Mai Agogo ya fito ya tsaya a bakin ƙofa.

"Wa ya taɓa?"

"Ni ce. Ka yi abin da za ka yi."

Na zaci rufin ɗakin zai tashi. Sai ya zauna a gefen gado, ya daɗe yana kallon jiragen.

"Wannan danjar ce dama," ya ce a hankali. "Tun ranar farko na sani."

"Ka sani? Malam, ka sani, ka bar mu muna ta haƙilo?" in ji matar.

"In na shiga asibitin nan, Hajiya, ba na jin zan fito." Ya miƙa hannu. "Ba ni rigar."

Bai fito ɗin ba. Likita ya ce an makara, Allah Ya jiƙansa.

Auta ta koma bakin aikinta. Ni ina nan ina ba ku labari. Matar kuwa ta hana a kashe kwamfutar. In na shiga da hantsi nakan tarar da ita tana ninke wanki a gefen gado, jirgin gawayi yana zuwa mahaɗa, fitila ta koma kore, ya wuce.