Carabke a Bakin Shu'aiba

Takabar Rahama ta ƙare tun watan jiya, amma ba ta fito ba. Ta yi wankan fita, an ba da tufafin sadaka, maƙwabta a unguwar Mahjar ta Jidda sun ci shinkafa sun watse, ita kuwa ta koma kusurwar ɗaki ta zauna kamar an dasa ta. Ɗanta Hatim, da ke aiki a Riyad, ya bugo waya ga yayanta Othman, wanda yake kira Khali, wato kawu.

"Khali, halas, ya isa haka. Ran Asabar zan zo in ɗauke ta. Ba zan bar ta tana kallon bango ba."

Othman ya ajiye wayar. Shekara sittin da 'yan kai, tsakaninsa da ƙanwarsa bai taɓa wuce lungu biyu ba. Ita kaɗai ta rage masa da ke jin Hausarsa har ƙasa. In ta tafi Riyad, da wa zai yi?

Shi tsohon direba ne, irin wanda kan tsayar da mota don ya kalli girgije mai kama da raƙumi. Ran Juma'a da sassafe ya tsaya ƙofar gidanta da tsohuwar motarsa, da tabarma, da fulas ɗin shayi.

"Yalla, tashi. Shu'aiba za mu."

"Yaya, me na ajiye a can?"

"Teku."

"Ga teku nan bayan gari."

"Wannan ta 'yan yawon buɗe ido ce. Shekararki nawa a Jidda, kin taɓa sa ƙafa a ciki?"

Ba ta taɓa ba. Shi ma bai taɓa ba, amma bai faɗa ba. Ta shiga motar don kawai ya daina danna mata oda a ƙofa.

Suka bi hanyar kudu, suka wuce masana'antu, gari ya ƙare, rairayi ya karɓa. Ya tsaya wani ƙauye ya sayo burodi mai zafi da wake, ta gutsura kaɗan ta ajiye. Ya nuna mata raƙumin da ya leƙo ta shinge yana tauna leda, ta ce, "Uhum." Sa'a ɗaya da rabi, abin da ya samu daga bakinta ke nan.

A Shu'aiba ya shimfiɗa tabarma a inuwar mota. Ruwan na kwance, shuɗi-shuɗi, ana hango ƙasansa. Rahama ta zauna ta ba shi gefe, tana jan carbi.

Othman ya naɗe wando ya gangara. Yana tafe yana tunanin ko Asabar ce za ta raba shi da ƙanwarsa. Nan ya ga ƙananan katantanwa barbaje a kan yashi, zagaye, daidai hannu. Sai ya tuna Rahama tana 'yar shekara bakwai a tsakar gidansu na unguwar Bab Makka, babu yarinyar da ke cin ta a carabke, wasan da kakarsu ta taho da shi daga Hausa: a cilla dutse ɗaya sama, a kwashe na ƙasa, a cafe na sama kafin ya faɗo. Ya tsinci guda shida ya zuba a hularsa.

"Gwanar carabke," ya ce, ya zube su gabanta. "Ko hannun ya mutu?"

"Yaya, ka girma fa."

"Tsoro kike ji. Dama ha'inci kike yi wa yaran nan."

"Ni? Ha'inci?"

Ta ajiye carbi. Ta jera biyar, ta ɗauki ɗaya ta cilla sama, ta kai hannu ƙasa, ta kwaso yashi. Babu ko ɗaya a wurin. Duk biyar ɗin sun fito da ƙafafu, kowace ta kama gabanta da gidanta a baya, ɗaya ta nufi teku, ɗaya ta shige ƙarƙashin fulas. Ashe ƙananan ƙaguwa ne ke zaune a ciki. Ta saman ta faɗo mata a cinya, ta leƙo da idanu biyu kamar tsinke.

"La'ilaha! Yaya, duwatsunka gudu suke yi!"

"Wallahi da na tsince su ba su da rai!"

"Ba su da rai? Ga wata can za ta riga mu Sudan!"

Dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke fitowa da hawaye. Ta yi har ta riƙe ciki, sannan kuka ya biyo, shi ma ta yi shi sosai. Othman ya zuba shayi ya jira.

Da ta share fuska, ta tallabi ƙaguwar a gefen mayafi ta miƙe.

"Ina za ki?"

"In mai da baiwar Allah gida. Ka rabo ta da 'yan'uwanta ba gaira ba dalili."

Ta tafi har bakin ruwa, ta tuɓe takalmi, ta shiga zuwa idon sawu. Ta daɗe a tsaye. Daga can ta ɗaga murya.

"Kira min Hatim. Ka ce ya zo Asabar ɗin, amma ya zo ya ci tuwo ya koma. Ba inda za ni."

Othman ya lalubo waya.

"Kuma Juma'a mai zuwa Suwal, garin masunta, za ka kai ni," in ji ta. "An ce a can mutum ke nuna kifin da yake so a soya masa. Ni zan zaɓa. Kai ka zauna a mota, kar ka kwaso mana mai rai."